Kajin Kalalatu a Ajin Tozai

Jadawalin makaranta ya ba darasin Hausa minti 40. Gajeren labari kuwa, ko mai in'ina aka ba ya karanta, da wuya ya ci minti 10. Wanda bai taɓa riƙe alli ba sai ya ɗauka sauran minti 30 ɗin nan garaɓasa ce, malami ya miƙe ƙafa ya sha iska. To, mai wannan zato ya zo Tozai ta ƙasar Illela ranar Litinin, washegarin kasuwa, ya tsaya gaban aji ya ce yau labarin Kalala da Kalalatu za a yi. Kafin a buga ƙarfen tashi tara zai gane cewa mutanen cikin labarin uku ne kacal, amma na kan benci kowa da irin ƙarar da ya shigo da ita.

Labarin sananne ne, yana cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga littafi uku a Zariya tsakanin 1937 da 1939. Maigida Kalala, mai son ci da baƙo, ya kawo kaji biyu, ya fita neman wanda za su ci tare. Uwargida Kalalatu, gwanar girki, ta soya, ƙamshi ya hana ta sakat, ta ɗanɗana, ɗanɗano ya zarce har kaji suka ƙare. Baƙo ya iso maigida na can yana wasa wuƙa, sai ta raɗa wa baƙon cewa dominsa ake wasa ta. Ya ranta a na kare. Ta juya ta ce wa miji baƙonka ya sure kajin. Miji ya bi shi, wuƙa a hannu, yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya. 'Yan shafuka ne. Amma da an ajiye shi gaban aji sai ya zama ragon da aka kai kasuwar Illela ranar Lahadi: wani haƙori yake buɗawa, wani gadon baya yake matsawa, wani ƙaho ya ɗauke wa hankali, wani kuma ba saye ya kawo shi ba, ya zo ne ya ce ragon na sata ne.

Kafin a kai ga kowa sai an bi ta hannun Mai Littafi. Kwafi ɗaya ne a ajin, kuma nasa ne. Ya gada wurin wansa, wan ya gada wurin kawu. Bango ya tafi tun tuni, an ɗinke gindin da zaren buhu, gefen shafuka cike da sunayen mutanen da yanzu sun aurar da 'ya'ya. A wannan kwafin, labarin Kalala daidai wurin gudun nan ya tsaya, domin ganyen da ke biye ya daɗe da kama gabansa. Mai Littafi ba ya cikin masu ƙoƙari, bai kuma damu ya shiga ba. Ranar Hausa shi ke zama bencin gaba, ana miƙo masa ƙuli-ƙuli da rake ta ƙarƙashi, don wanda ya ɓata masa rai ba zai leƙa ko layi ɗaya ba. Ranar da aka aike shi Gwadabawa kuwa, adabi ma ya tafi Gwadabawa, sai a koma nahawu. Shi kansa bai taɓa karanta littafin ba. Karatun me? Abu dai nasa ne.

Mai karantawa daban yake. Wannan Ɗan Rediyo ne, hannunsa na sama tun malam bai gama cewa wa zai karanta ba. Zai miƙe, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya irin ta masu labaran ƙarfe bakwai, ya ja karatu da murya mai kauri. Aya ba ta tsayar da shi, waƙafi bai san da zamansa ba, maganar Kalala da ta Kalalatu da ta baƙo duk murya ɗaya ce, ta sanarwar rasuwa. Wurin da ya kamata aji ya fashe da dariya sai ya wuce a guje. Idan ya dire, malam ya ce to gaya mana abin da ka karanta, sai ya dubi malam duban wanda aka zalunta.

"Malam, ni karatu nika yi, ban saurara ba."

Ana rufe littafi, hannun farko da zai tashi na Alƙali ne. Yaro natsattse, ya yi sauka tun yana firamare, da ɗan Ahalari ko Ishmawi a aljihun gaba, ba ya dariya sai ya tabbatar abin ya halatta.

"Gahwarta Malam. Wanga abu ya hwaru, ko ƙarya ta?"

Malam ya ce ai ƙagaggen labari ne, marubuci ne ya tsara shi. Alƙali ya gyaɗa kai, ya ce to ƙarya ta ke nan, ya duƙa ya rubuta haka a littafinsa. Daga nan sai ya buɗe zaman kotu. Kalalatu ta ci amana, ɗaya. Ta yi ƙarya ga baƙo, biyu. Ta yi ƙarya ga mijinta, uku. Ta haɗa Musulmi biyu da wuƙa a tsakani, huɗu. Hukunci: ta biya kaji biyu masu kama da waɗanda ta ci, ta nemi gafarar baƙo in an gan shi. Shi kuma Kalala a ja masa kunne, don ba a bin mutum da makami ko da niyya mai kyau ce. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne an tashi daga labarin bai ga an gurfanar da kowa ba.

Kada a raina tambayarsa ta farko, ta girmi malam da shugaban makaranta. Ita ce ta tari Rupert East a 1933, lokacin da ya zaga garuruwan Arewa daga Hukumar Fassara ta Zariya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa. Ya bayyana daga baya cewa babban aikin shi ne shawo kan malaman su yarda labarin da bai faru ba ya cancanci alƙalamin malami, tunda a wurinsu wannan hirar mata da yara ce. Duk da haka gasar ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Mai Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zama Firayim Minista a 1957. Mai Ganɗoki kuwa, Bello Kagara, wan Abubakar Imam, alƙalanci ya yi a Katsina har ya zama Wali. Idan aka kawo wannan, Alƙalin aji yakan ɗan yi shiru. Sai malam ya ga ya samu sa'ida, ya ƙara da cewa Muƙamar Hariri da manyan malamai ke karantarwa a zaure, ai labaran wani ɗan duniya ne, Abu Zaidi, da ke yawo gari gari yana damfarar mutane da daɗin baki, kuma marubucin ne ya ƙaga shi.

"Wancan ai Larabci na, Malam," in ji Alƙali. An rufe shari'a.

A can bencin baya, kusa da ƙofa don saukin fita, Dillali yake. Jiya yana kara tare da baffansa tun hantsi har magariba, yau ya shigo a makare, idanu jajur, ƙurar shanu ba ta gama barin gashin girarsa ba. Shi ba ruwansa da halal da haram ɗin ƙage. Tambayarsa ita ce kajin na gida ne ko na gona. Idan na gida ne, manya ko matsakaita? Nan take zai faɗi kuɗinsu da naira, ya juya su sefa a canjin safiyar yau, ba na makon jiya ba, ya kuma gaya wa malam cewa da Kalala ya haƙura ya kai su Ƙonni ranar Laraba da ya fi samun riba. A ganinsa babban mai laifi a labarin shi ne maigida: mutum ya yanka kaya tun bai ga mai ci ba.

Sai kuma ya jefo wadda ba ta cikin takardar shirin darasi.

"Malam, ƙassan hwa? Kaji biyu tac ci, ina tak kai ƙassa? Kuma shi bai dubi bakinta ba? Mai na nan."

Malam ya duba allo, ya duba taga. Ba a koyar da amsar wannan a kwaleji.

Dillali ya san labari, ba a aji ya koya ba. Yaran wannan yanki sun tashi cikin rufe iyaka da buɗe ta. An rufe a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, sai Maris na 2024. A irin waɗannan shekaru duk wanda ya taɓa ɗora buhu ko jarka a bayan babur ya san cewa a bakin shinge minti ɗaya ake ba mutum ya ba da labari. Dole ya kasance da tauraro, galibi wata gwaggo marar lafiya a tsallake. Dole da matsala, dole da mafita, kuma kada a sa ko kalma ɗaya da mai sauraro zai kama ya ja. Mai sauraron nan kuwa ba ya ba da maki, in labari bai yi ba kaya yake saukewa. Saboda haka Dillali, duk da zancen ƙassa, yana girmama Kalalatu girmamawar ɗan sana'a ga ɗan sana'a. Ya ce ku duba, ƙarya biyu ta yi, kowace ta auna ta daidai da mai jinta: baƙo da tsoro ta kama shi, miji da kajinsa. Sannan ta shirya su yadda ba za su taɓa tsayawa wuri ɗaya su gwada abin da aka gaya wa kowa ba, domin ƙarar da miji ke yi don ya tsayar da baƙo ita ce ke ƙara wa baƙo mai. Ni dai ban taɓa jin an warware ginin wannan labari da kyau haka ba, ko a littafin sharhi. Ranar jarrabawa kuwa Dillali uku cikin goma yake samu, don bai rubuta zubi da tsari a saman amsarsa ya ja layi ba.

Akwai Jikan Kaka. Shi tun ana tsakiyar karatu yake girgiza kai yana tsaki a hankali. Ba haka abin yake ba. Kakarsa ta ba shi wannan labari tun yana ƙarami, kuma zabbi ne, ba kaji ba, wanda ya cinye su kuma Gizo ne, Ƙoƙi ce aka bari da jin kunya. Mai littafin nan bai ji da kyau ba. Ban da haka, yana so a sani cewa shi bai yarda da wannan zama ba, domin mai tatsuniya da rana ɓata yake yi, kowa ya san haka, in wani ya ɓace a hanyar gida kada a ce bai faɗa ba.

Malamin da ya ce masa rufe mana baki ya yi asara. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga littafi uku a Belfast tsakanin 1911 da 1913, da yawansu malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta da ajami, Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara ya miƙa masa. Daga bakin kakanni irin tasa suka fito. Imam kansa bai ɓoye cewa ɗebo labarai ya yi ba: daga Dare Dubu da Ɗaya, daga Kalila wa Dimna, daga tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan Jamusawa biyu, su Grimm, suka fara bugawa a 1812, ya ɗinka musu riga da hula irin tamu. Na kajin nan ma yana da ɗan'uwa a wurin su Grimm. Labarin da ya yi wannan doguwar tafiya, ba abin mamaki ba ne a ce ya taɓa kwana a ɗakin wata tsohuwa a Tozai. Matsalar Jikan Kaka ɗaya ce: in aka ba shi fili ba ya mayarwa. A tsakiyar tasa tatsuniyar akwai waƙa, waƙar tana da amshi, ajin kuma ya san amshin. Kafin a ankara ana buga benci, malamin lissafi na maƙwabta ya leƙo yana tambaya ko biki ake yi.

Ɓangaren 'yan mata shiru ake yi da farko, ana ƙus-ƙus a cikin hijabi, har sai Anti Ci-gaba ta gyara zama. Wannan ta fi duk ajin karatu, har da malam in za a faɗi gaskiya. Kullum dare da wayar yayarta take kwana, tana bin littattafan da marubuta ke sakewa shafi shafi a zaurukan WhatsApp, wasu kyauta, wasu sai an biya kuɗin shiga, in caji ya yi ƙasa ta koma sauraron waɗanda ake karantawa a YouTube. A wurinta labarin da bai kai shafi ɗari ba gaisuwa ce kawai. Da Ɗan Rediyo ya dire sai ta ce ina ci gaban? Aka ce ya ƙare. Ta ce ya ƙare kamar yaya? Ba a faɗi ko Kalalatu fara ce ko baƙa ba, ba a faɗi yadda suka haɗu da Kalala ba, auren so ne ko na dole, ba a shiga ɗakinta an ga jere ba, babu kishiya, babu uwar miji, babu ko ƙanwar miji mai kai gulma. Wane irin gida ne wannan?

Ana cikin yi mata dariya sai ta sauke murya.

"Malam, in da baƙon nan ya zamna sunka ci, ita mi za a rage mata?"

Ba wanda bai san amsar ba. Wuya da ƙafafu, in an yi adalci a haɗa da kai. Ita ta fige, ita ta sha hayaƙi, ita ta san gishirin da ya ji, sannan a kwashe a kai zaure gaban mutumin da ko sunansa maigidan bai sani ba sai yau. Nan aji ke darewa biyu. Maza na cewa baƙo rahama ne, mata na cewa rahamar ta shiga madafa ta hura wuta. Alƙali na neman a yi shiru ya kawo nassi, Dillali na cewa da an ba ta cinya ɗaya tun farko da ba a yi asarar kaji biyu ba, monita na rubuta sunayen masu surutu har takarda ta cika ya juya baya. Malami mai tsoron hayaniya yakan kashe zancen nan da sanda. Kuskure ne, don yarinyar ba daga gefe ta shigo ba. A wurin su Grimm mai cinye kajin kuku ce da ke aiki a gidan ubangidanta. Imam ne ya mai da ita matar gida, kuma da ya yi haka ya sauya nauyin labarin gaba ɗaya: satar ma'aikaciya daban, matar da ta ci girkin hannunta a gidan aurenta daban. Ƙofar da Anti Ci-gaba ta bi, marubucin ne ya bar ta a buɗe.

Hanyar da ake kama ta ita ce a ba ta labarin Hikayata, gasar gajerun labarai da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla, inda ba a yarda labari ya wuce kalma 1,500 ba. Za ta ce wannan ko kamu ba a gama ba an cinye su. Sai a gaya mata cewa a 2020 'yar Sakkwato ce ta zo ta ɗaya, Maryam Umar, tana ɗalibar shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da labarin Rai da Cuta a kan annobar korona, kuma a 2022 kambun Maraɗi ya tafi, wurin Amira Souley mai Garar Biki. Ɗaya daga kudu da mu, ɗaya daga tsallake. Sai ka ga ta yi tsit tana ƙirga wani abu da yatsu. Da aka ambaci cewa dala 2,000 aka ba ta ɗaya a 2020, Dillali ne ya fara ɗago kai. Ya juya su naira, ya juya su sefa, ya tambaya ko dole sai mace.

Ɗan Tsallake ba ya shiga wannan rigima. A Ƙonni ya fara lakwal kafin a dawo da shi gidan kawunsa, har yanzu mushe yake kiran malam, rubutunsa a kwance, tsaf, kowane kan magana an ja masa jan layi da rula. Hausarsa ta baki ba ta da makusa, amma in ya zo rubutawa sai Faransanci ya riƙe masa hannu, sunan Kalalatu ya fito da wutsiyar da Imam bai sa masa ba. Malam ya kewaye da jan biro, shi kuma ya tuna wa malam cikin ladabi cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, don haka shi rubutun gwamnati yake yi. Kusa da shi Ɗan Fim ne, wanda bai ga labari ba, fim ya gani. Ya riga ya raba matsayi: Ibro ne Kalala, Daso ce Kalalatu. A ce masa Ibro, wato Rabilu Musa, ya rasu tun 2014, Daso, wato Saratu Giɗaɗo, ta bi shi a 2024, ya ce Allah ya jiƙansu, amma ba wanda zai iya sai su, don haka a bar fim ɗin. Tambayarsa ɗaya ce, a ina za a sa waƙa.

Mai Barci ba malalaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Da rani tun kafin asuba yana fadama yana ba albasa ruwa, ya ja inji, ya gyara kwami, ya wanke ƙafa ya sa farar riga a kan gajiya. Da damina kuma sai a yi mako ba a ga ƙeyarsa ba, gero ba ya jiran jadawali. Yana zama, bango ya karɓi kansa. Muryar Ɗan Rediyo kuwa magani ce. Ba ya farkawa sai hayaniyar maza da mata ta kai maƙura, sai malam, don ya kunyata shi, ya ce kai, tashi ka taƙaita mana labarin. Ya miƙe yana layi, ya share baki, ya ce:

"Wadda tac ci tana zamne, waɗanda ba su ci ba suna gudu."

Ya koma ya jingina. Ta yaya ya ji, Allah masani. Malam ya so ya ƙara wani abu a kai, ya duba bai ga wurin ƙari ba.

Duk waɗannan, ranar da sakamako ya fito a bayan Mai Hadda suke. Shi ba ya tambaya, ba ya gardama, ba ya dariya. Yana da jimloli uku da ya haddace tun aji ɗaya, suna nan daram. Jigon wannan labari shi ne faɗakarwa. Marubucin ya yi amfani da salo mai armashi da sassauƙar Hausa. Ya kuma ƙawata aikinsa da karin magana. Da su ya amsa tambayar zube, da su ya amsa ta waƙa, da su ya amsa ta wasan kwaikwayo. An taɓa ganin ya rubuta su a kan labarin da malam bai riga ya karanta wa aji ba, aka duba kuma aka ga ba a iya cewa ya yi kuskure. In aka matsa masa ya faɗi faɗakarwa a kan me, sai ya ce a kan illar mugun hali. Wane hali? Mugu.

Ba shi ya ƙirƙiro wannan sana'a ba, yana da uban gida, wato Malam Ku-kwafa. Wannan shi ne malamin da ke shigowa da tsohon littafin rubutu da ya yi jawur, ya miƙa wa monita ya cika allo da jigo da warwarar jigo da salo da taurari, shi kuma ya fita gindin bishiya. A ajinsa ana gama zangon karatu ba a ji muryar Kalalatu ba. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: ɗalibai sun fi benci yawa, littafi ɗaya ne, WAEC da NECO na tafe, mai duba takarda kuma yana da tulin da zai gama kafin dare, kalmomin da ya sani yake nema ya sa maki. Magana Jari Ce ya sha shiga jerin littattafan jarrabawa, kuma kowane zuwa haka ake yi masa. Abin da ke ba ni takaici shi ne a tattara takardun amsa na aji guda, aji da ya yi dariya har da riƙe ciki, ba za a samu ko mutum ɗaya da ya rubuta cewa labarin abin dariya ne ba, balle ya faɗi yadda aka yi dariyar ta zo. Kowa ya san in ya rubuta haka za a ce bai ɗauki jarrabawa da muhimmanci ba. Sai a ɗauki labarin da aka gina don mutum ya ga maigida na tsere da wuƙa yana magiya, a mai da shi huɗuba a kan kwaɗayi. Alƙali aƙalla da zuciya ɗaya ya yi fushi da Kalalatu. Mai Hadda ko sunanta sai ya leƙa takardar na kusa da shi.

Saura 'yan taga, waɗanda ba su cikin rajista. 'Yan mata masu tallar gyaɗa da awara da ke jiran tashi tara, almajiri ɗaya ko biyu da robarsu a hammata, wani ɗan kabu-kabu da ya kawo malama ya tsaya shan inuwa. Su ba su da jarrabawa, saboda haka daidai wurin dariya suke dariya, ko da Ɗan Rediyo ya wuce shi a guje. Shugabansu Baba maigadi, wanda kujerarsa ke gindin dogonyaron da ke bayan ajin. Ya ga malaman Hausa sun zo sun tafi, kowane da Kalalarsa, kuma shi ba ruwansa da miji ko mata, baƙon ne damuwarsa. Malam na fitowa yana kaɗe alli daga hannun riga sai Baba ya yafito shi.

"Malam, wanga baƙo, bana ma bai tsaya yaj ji mi aka ce mishi ba?"

"Bai tsaya ba, Baba."

"Allah shi kyauta. Wanga ba ɗan ƙasag ga ba na. Mu nan, in ka bar wuri mutum yab biyo ka da gudu shina cewa ko guda, ai ka san ciniki na bai ƙare ba."